HAƊA ERIYA A GIDA DOMIN REDIYON SHA'AWA

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da sanin rediyo. Tun daga shekarar 1957 da Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shiryensa, kunnen mai sauraro ya saba da jin ana cewa za a kama tasha kaza a kan mita 25 ko mita 31 ko mita 49 a gajeren zango. Sai dai ba kowa ya taɓa tsayawa ya tambayi kansa ko mitar mece ce ake aunawa ba. Amsar wannan tambaya ita ce mabuɗin sanin eriya, domin waɗannan mitoci su ne ke yanke hukunci a kan tsawon wayar da za a miƙa a sama.

Wannan babi zai yi bayanin yadda masu rediyon sha'awa suke haɗa eriya da hannunsu, ta amfani da wayar wuta da kuma waya mai sulke. Za a fara da ma'anar rediyon sha'awa da keɓaɓɓun kalmomin fannin, sannan lissafin tsawon waya, da matakan haɗawa, da gwaji, da kuma hanyoyin kauce wa haɗari. Abin da ake son ɗalibi ya riƙe shi ne, ingancin eriya ya dogara ne a kan awo da wurin da aka kafa ta, fiye da kuɗin da aka kashe mata.

2.0 Ma'anar Rediyon Sha'awa

Rediyon sha'awa wata hanyar sadarwa ce wadda ɗaiɗaikun mutane suke aikawa da karɓar saƙo a tsakaninsu ta na'urar rediyo, domin koyo da gwaji da sada zumunta, ba domin neman kuɗi ba. Ya bambanta da gidan rediyo, inda mutum ɗaya ke magana jama'a na sauraro. A nan kowa mai magana ne, kuma kowa mai sauraro ne. Ba a yarda mutum ya aika saƙo ba sai yana da lasisi daga hukumar da ke kula da sadarwa a ƙasarsa, wadda za ta ba shi lambar kira. Harufan farko na lambar su ke nuna ƙasar mutum: 5N ta Nijeriya ce, 5U ta Nijar, 9G ta Ghana, TJ ta Kamaru, TT ta Chadi, ST kuma ta Sudan. Marigayi Sarki Husaini na Jodan ma yana cikin masu wannan sha'awa, kuma lambarsa ita ce JY1.

Tarihin wannan fanni yana tafiya ne tare da tarihin waya. A tsakanin 1887 da 1888 wani masanin kimiyya Bajamushe mai suna Heinrich Hertz ya tabbatar da samuwar igiyoyin rediyo ta amfani da sandunan ƙarfe guda biyu. A ranar 12 ga Disamba, 1901, Guglielmo Marconi ya bayyana cewa ya kama saƙon da aka aiko daga Ingila yana tsibirin Niyufanlan, a ɗaya gefen tekun Atilantika, kuma eriyarsa doguwar waya ce da iska ta ɗaga sama. A 1912 dokar Amurka ta kange masu sha'awa a zangon mita 200 zuwa ƙasa, bisa zaton cewa gajeren zango ba shi da wani amfani. A nan ne fa suka ba da mamaki, domin a watan Nuwamba na 1923 Léon Deloy daga birnin Nis na Faransa ya yi musayar saƙo da Fred Schnell da ke Amurka a kan zangon da bai fi mita 100 da 'yan kai ba. A 1925 aka kafa ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta duniya a birnin Faris.

Amfanin wannan hanya yana fitowa fili idan bala'i ya katse wayar tarho da intanet. An ga haka a tsibiran Andaman na Indiya lokacin ambaliyar teku ta 2004, da girgizar ƙasar Nefal ta 2015, da guguwar da ta afka wa Fotoriko a 2017. Wanda ya iya haɗa eriya da waya da igiya, yana kuma da batir, zai iya isar da saƙo a ranar da sauran hanyoyi suka tsaya.

3.0 Keɓaɓɓun Kalmomi

Kowane fanni yana da kalmominsa, kuma kafin a shiga bayani ya dace a daidaita waɗanda za a yi amfani da su. Wasu an aro su ne an hausantar da su, wasu kuma an ƙirƙira su daga abin da Bahaushe ya sani.

(a) Eriya: ƙarfe ko wayar da ke mayar da wutar da na'ura ta tura mata zuwa igiyar rediyo, ko ta kamo igiyar daga sarari ta mayar da ita wuta mai rauni wadda na'ura za ta ƙarfafa.

(b) Yawan kaɗawa: adadin kai da komowar wuta a cikin sakan ɗaya. Ana auna shi da haz, daga sunan Hertz. Ɗalibin ilimin furuci ya san cewa tantanin maƙwallaton namiji baligi yana kaɗawa kimanin sau 100 zuwa 150 a sakan idan yana magana. Igiyar rediyo ma kaɗawa take yi, sai dai tata ta kai miliyoyi. Kaɗawa miliyan ɗaya a sakan ita ce megahaz 1.

(c) Tsawon zango: tazarar da igiyar ta ci a cikin kaɗawa ɗaya. Idan aka jefa dutse a kududdufi, ratar da ke tsakanin wannan tozon ruwa da na bayansa ita ce misalinsa. Wannan ita ce mitar da ake faɗa a rediyo.

(d) Waya mai sulke: wayar da ake kira kowakziyal, wadda jama'a suka fi sani da wayar eriya ko wayar dish. An kira ta mai sulke ne domin saƙar siraran wayoyin da ta lulluɓe ta tana kama da sulken mayaƙa.

(e) Turjiya: gwargwadon yadda eriya ko waya take tare wuta mai kaɗawa. Ana auna ta da om.

(f) Makari: duk abin da wuta ba ta ratsa shi, kamar roba da tangaran da gilashi.

4.0 Dangantakar Zango da Tsawon Waya

Igiyar rediyo tana tafiya da saurin haske, wato kimanin kilomita 300,000 a sakan ɗaya. Saboda haka idan aka raba 300 da yawan megahaz, za a sami tsawon zango a ma'aunin mita. Misali, 300 a raba da megahaz 7 zai ba da kusan mita 43, shi ya sa ake kiran wannan yanki zangon mita 40. Haka nan megahaz 14 shi ne zangon mita 20, megahaz 145 kuma zangon mita 2. Ke nan duk sa'ad da kaɗawa ta ƙaru, zango yana raguwa.

Mai kiɗan molo ko gurmi ya san cewa tsawon tsirkiya shi ke ba da muryarta. Idan ya danne ta da yatsa ya rage tsawonta, sai muryar ta yi sama. Haka waya take. Kowane tsawo yana da kaɗawar da ya fi amsawa, kuma waya tana amsawa sosai idan tsawonta ya kai rabin zango. A kan haka aka gina eriyar da ta fi kowace sauƙi, wato eriya mai reshe biyu, wadda ake kira daifol. Waya ce mai tsawon rabin zango da aka yanke a tsakiya, aka haɗa kowane reshe da ɓangare ɗaya na wayar da ta taho daga na'ura.

Bisa lissafi, rabin zango shi ne 150 a raba da megahaz. To amma a aikace waya takan amsa idan ta gaza haka da kimanin kashi 5 cikin 100, saboda tasirin bakunanta da kaurinta. Shi ya sa masu wannan aiki suke amfani da 143. Ga misalai:

Zangon mita 40: 143 ÷ 7.1 = mita 20.14, kowane reshe mita 10.07.
Zangon mita 20: 143 ÷ 14.2 = mita 10.07, kowane reshe mita 5.04.
Zangon mita 15: 143 ÷ 21.2 = mita 6.75, kowane reshe mita 3.37.

Waɗannan alƙaluma mafari ne kawai. Wayar da ke da rigar roba takan buƙaci ƙarin ragi kaɗan, haka kuma kusancin ƙasa da rufin kwano da itatuwa yana sauya sakamako. Don haka ake yanke waya da ɗan rara, a rage daga baya. Wani abin lura kuma shi ne, eriyar mita 40 takan yi aiki a zangon mita 15, domin 21 ninki uku ne na 7.

5.0 Waya Mai Sulke da Aikinta

Eriya tana sama, na'ura kuma tana ɗaki, saboda haka dole a sami abin da zai kai wuta daga wannan zuwa waccan ba tare da ta zube a hanya ba. Wannan shi ne aikin waya mai sulke, wadda Oliver Heaviside ya yi wa rajistar ƙirƙira a Ingila a 1880. Tana da sassa huɗu: wayar tsakiya, da farin makari da ya kewaye ta, da sulke, da kuma baƙar rigar waje. Wuta tana tafiya ne a tsakanin wayar tsakiya da cikin sulken, shi ya sa ba ta watsuwa waje, hayaniyar waje kuma ba ta shiga.

Na'urorin rediyon sha'awa an ƙera su ne a kan turjiyar om 50. Wayoyin da suka dace da su sun haɗa da RG-58, mai kaurin kimanin milimita 5, da RG-213, mai kaurin kimanin milimita 10. Wadda ta fi yawa a kasuwanni ita ce RG-6 ta talabijin da dish, mai om 75. Ita ma tana aiki, musamman da yake turjiyar eriya mai reshe biyu da ke nesa da ƙasa tana kusa da om 73. Matsalarta ita ce sulkenta galibi na alminiyam ne, wanda ba ya kama dalma, don haka sai an matse shi da ƙusa mai noti ko da kan dish, sa'annan a sadar da shi da waya.

Kowace waya mai sulke tana cinye wani kaso na ƙarfin da ya bi ta cikinta, kuma asarar tana ƙaruwa da tsawo da yawan kaɗawa. Mita 30 na RG-58 kan ci kimanin kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin a megahaz 7, amma a megahaz 145 abin da za ta ci ya haura rabi. Darasin a nan shi ne a taƙaita tsawonta iyakar iyawa, a kuma nemi mai kauri idan za a yi aiki a zangon mita 2.

6.0 Haɗa Eriya Mai Reshe Biyu

6.1 Kayan Aiki

Ana buƙatar wayar jan ƙarfe irin ta haɗa wutar gida, mai kaurin 1.5 ko 2.5, da waya mai sulke gwargwadon nisan ɗaki, da guntayen bututun roba irin na famfo guda uku domin makari, da igiyar nailan, da tef ɗin awo, da filaya, da wuƙa, da dalma tare da ƙarfen narka ta, da salatif. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ba a samu a shagon masu kayan wuta ko wurin masu gyaran rediyo.

6.2 Matakai

Za a ɗauki zangon mita 20 a matsayin misali.

Na farko, a auna waya biyu, kowace mita 5.4. Wannan ya ƙunshi mita 5.04 na lissafi, da rarar ɗauri da ta gyara. Wajibi ne rassan biyu su yi daidai da juna.

Na biyu, a yanki bututun roba mai tsawon santimita 10 zuwa 15, a huda shi a gefe biyu. Shi ne makarin tsakiya. A zura kowane reshe a hujinsa, a murɗa shi a jikin kansa, yadda rassan biyu ba za su taɓa juna ba.

Na uku, a feƙe rigar waya mai sulke kimanin santimita 5, a warware sulken a murɗe shi ya zama kamar waya ɗaya, sannan a feƙe farin makarin don wayar tsakiya ta fito. A liƙa wayar tsakiya a reshe ɗaya da dalma, sulken kuma a ɗaya reshen. Ko silin sulke ɗaya ya taɓa wayar tsakiya, aikin ya ɓaci.

Na huɗu, a ɗaure waya mai sulken a jikin makarin domin kada nauyinta ya rataya a kan liƙin dalma. A toshe bakinta da kyau da salatif ko gam, a kuma lanƙwasa ta yadda bakin zai kalli ƙasa. Ruwan sama idan ya shiga sulke yakan bi shi kamar yadda kananzir ke bin lagwani, ya sa shi tsatsa, wayar ta mutu a hankali.

Na biyar, a sa makari a ƙarshen kowane reshe, a ɗaura igiya a ɗaya gefen makarin, a ja zuwa itace ko sanda.

6.3 Naɗin Tarewa

Wuta mai saurin kaɗawa tana bin fatar ƙarfe ne kawai, ba ta shiga cikinsa. Wannan ya sa cikin sulke da bayansa suke zama kamar wayoyi biyu daban. Idan wuta ta iso bakin eriya, wani kaso nata yakan juyo ta bayan sulken ya gangaro ɗaki. Alamun haka su ne makirfo ya riƙa cizon leɓe, ko talabijin da lasifika su riƙa ƙara idan ana magana, ko hayaniya ta yawaita wajen sauraro. Maganinsa shi ne a naɗe waya mai sulken kamar gammo, naɗi 8 zuwa 10 masu faɗin santimita 10 zuwa 15, dab da makarin tsakiya. Wannan naɗi yana tare wutar da ke bin bayan sulke, ba ya kuma taɓa wadda ke ciki. Wanda ya sami zoben ferayit, ya naɗa wayar a jikinsa, zai sami tarewa mafi inganci.

6.4 Tsayi da Fuska

Eriya mai reshe biyu ta fi aika ƙarfinta ta gefunanta, ba ta bakunanta ba. Wanda yake Kano ko Damagaram yana son jin Turai, wadda ke arewa da shi, sai ya miƙa wayarsa daga gabas zuwa yamma. Wanda kuma ke son gabas, sai ya miƙa ta daga kudu zuwa arewa.

Tsayi ma yana da tasiri babba. Saƙon gajeren zango yana kai wa nesa ne domin akwai wani rufin iska a sama, mai suna ayonosfiya, wanda ke tanƙwaro igiyar rediyo zuwa ƙasa daga tsayin kilomita 200 zuwa 400. Idan eriya ta kai tsayin rabin zango, wato mita 10 ga zangon mita 20, igiyar takan tashi a kwance-kwance ta sauka a dubban kilomitoci. Idan kuwa eriyar mita 40 tana ƙasa-ƙasa, kamar mita 5 zuwa 8, igiyar takan miƙe sama ta dawo a kewayen 'yan ɗaruruwan kilomitoci. Wannan ba aibi ba ne ga mai son magana da garuruwan da ke kusa da shi.

Inda babu dogayen itatuwa biyu, sanda ɗaya ta wadatar. Sai a ɗaga tsakiyar eriyar a kan gora ko bututu, a sauko da rassan hagu da dama kamar jinkar ɗaki. A kula kada kusurwar da ke tsakanin rassan ta gaza digiri 90. Wannan siffa tana sauko da turjiya kusa da om 50, tana kuma rage bambancin fuska.

7.0 Eriyar Waya Mai Sulke Zalla

A zangon mita 2, wanda a Afirka da Turai ya kama daga megahaz 144 zuwa 146, ana iya yin eriya gaba ɗaya da waya mai sulke. Ƙananan na'urorin hannu suna zuwa da gajeriyar eriyar roba wadda ba ta kai wa nesa, kuma saƙon wannan zango yana tafiya ne kusan iyakar abin da ido zai hango. Saboda haka eriyar da aka ɗaga bisa rufi takan sauya al'amari ƙwarai.

Hikimar ita ce a mayar da bayan sulke, wanda a baya aka ɗauke shi matsala, ya zama reshe na biyu. Ana ɗaukar RG-58, a cire rigar waje da sulke daga bakinta har tsawon kimanin santimita 46, a bar wayar tsakiya cikin farin makarinta. Wannan shi ne reshen sama. Daga inda sulken ya tsaya, sai a auna kimanin santimita 45 na wayar yadda take, a yi alama. Wannan shi ne reshen ƙasa. Daga alamar sai a yi naɗi 9 a matse a jikin bututun roba mai faɗin milimita 25. Naɗin shi ne iyakar da ke gaya wa wuta inda reshen ƙasa ya ƙare. Rassan biyu ana zura su a cikin bututun a miƙe, a rufe bakinsa na sama, a tsayar da shi a tsaye.

Za a lura cewa lissafi ya ba da kimanin santimita 49 ga kowane reshe, amma awon da aka bayar ya gaza haka. Dalili shi ne makarin da ke jikin wayar da kuma bututun suna rage saurin igiyar, don haka take amsawa a gajeren tsawo. Fa'idar wannan eriya ita ce babu wurin liƙi a sama da ruwa zai ɓata, kuma tana aikawa ta kowace fuska daidai wa daida.

8.0 Gwaji da Daidaitawa

Hausawa na cewa sai an gwada akan san na ƙwarai. Idan turjiyar eriya ba ta dace da ta waya ba, wani kaso na ƙarfin yakan dawo baya. Ana auna wannan da ma'aunin da ake kira SWR. Idan ya nuna 1:1, dacewa ta cika. A 1.5:1 kashi 4 cikin 100 ne ke dawowa, a 2:1 kimanin kashi 11, a 3:1 kuwa kashi 25. Duk abin da bai wuce 2:1 ba karɓaɓɓe ne. Sama da haka, yawancin na'urorin zamani sukan rage ƙarfinsu da kansu domin kare kayan cikinsu. A yau akwai ƙananan na'urorin awo masu sauƙin kuɗi, irin su NanoVNA, da ke nuna inda eriya take amsawa ba tare da an kunna na'urar aikawa ba.

Ana gwajin ne bayan an ɗaga eriya zuwa inda za ta zauna. Sai a nemi kaɗawar da awon ya fi sauka. Idan tana ƙasa da wadda ake so, waya ta yi tsawo. Idan tana sama, waya ta gaza. A ɗauka tsawon eriyar tsakanin makaran ƙarshe mita 10.4 ne, ta amsa a megahaz 13.9, alhali ana son 14.2. Sai a ninka 10.4 da 13.9, a raba da 14.2, a sami mita 10.18. Ke nan za a rage santimita 22, wato 11 daga kowane reshe. Ya fi kyau a lanƙwasa rarar a murɗe ta a jikin reshen maimakon a yanke, domin abin da aka yanke ba ya komawa.

Akwai kuskuren da ya kamata a guje wa, wato ɗaukar kyan awo a matsayin shaidar kyan eriya. Waya mai sulke da ta sha ruwa takan nuna awo mai kyau, saboda ta cinye ƙarfin da ke tafiya da wanda ke dawowa. Shaidar gaskiya ita ce a ji tashoshi, su ma su ji mai kira.

9.0 Kiyaye Haɗari

Rigakafi ya fi magani. Babban abin da ke kashe masu kafa eriya shi ne wayar lantarki. Kada a miƙa eriya a sama ko a ƙarƙashin wayar wuta, kada kuma a ɗaure ta a jikin falwaya. A bar tazarar da ta ninka tsayin sanda sau biyu, yadda ko ta faɗi ba za ta kai ga wayar ba. Manyan layuka masu bolt 11,000 da 33,000 suna iya tsallako wa ƙarfe tun bai taɓa su ba.

Da damina, da zarar hadari ya taso, a cire waya mai sulke daga jikin na'ura, a nisantar da bakinta daga mutane da kaya. Ya dace a sadar da sulken da sandar ƙarfe da aka kafa a ƙasa a wajen ɗaki, a inda wayar take shiga. Da hunturu kuma, busasshiyar iska mai ƙura takan tara wuta a jikin doguwar waya har ta yi tartsatsi, saboda haka cirewar tana da amfani a wannan lokaci ma idan ba a aiki.

Bakunan rassa su ne inda ƙarfin wuta ya fi taruwa lokacin aikawa, kuma suna ƙona fata. A ɗaga su aƙalla mita 3, inda yaro ko dabba ba za su kai ba. Zafin rana yana cinye igiyar nailan da salatif, don haka a riƙa duba su kafin kowace damina. Daga ƙarshe, wanda bai sami lasisi ba ya tsaya ga sauraro. Eriyar da aka bayyana a nan tana ƙara wa rediyon gajeren zango ƙarfin kamawa, kuma ta wannan hanya ce da yawa daga masu wannan sha'awa suka fara.

10.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa mitar da ake ambata a rediyo tsawon zango ce, kuma rabinta shi ne tsawon eriya mai reshe biyu. An ga yadda ake samun wannan tsawo ta raba 143 da megahaz, da yadda waya mai sulke take kai wuta sama, da yadda ita kanta take zama eriya a zangon mita 2. An kuma nuna cewa tsayi da fuska da toshe ruwa suna da muhimmanci kamar lissafin. Mutumin da ya mallaki na'ura mai tsada ya haɗa ta da eriyar da ba a auna ba, wanda ke da ƙaramar na'ura da waya mai daidaitaccen awo zai riga shi isar da saƙo. Haka kuma babin ya nuna cewa harshen Hausa yana iya ɗaukar bayanin kimiyya, muddin an zaɓi kalmomi an tsaya a kansu.

Tambayoyi

1. Bayyana bambancin da ke tsakanin yawan kaɗawa da tsawon zango, tare da misali daga kayan kiɗan Hausa.
2. Lissafa tsawon kowane reshe na eriyar da za ta yi aiki a megahaz 28.5.
3. Kawo sassa huɗu na waya mai sulke da aikin kowanne.
4. Eriya mai tsawon mita 20 ta amsa a megahaz 7.3, alhali ana son 7.1. Ƙari za a yi ko ragi, kuma na santimita nawa?
5. Ware kalmomin aro da ƙirƙirarrun kalmomi da ke sashe na 3.0, sannan ka kawo ra'ayinka game da dacewar kowace.